Taku Goma Da Na Rubuta Masa

Kafin ku fara yanke min hukunci a ƙasan rubutun nan, ku bari in faɗa muku irin gidan da na fito. A gidanmu in saurayi ya zo ba a fara tambayarsa aikinsa ko danginsa. Allon ches ake ajiye masa a gaba, a zuba masa shayi, a zuba masa ido.

Babana mai awon filaye ne da ya yi ritaya. Tun ranar da ya ajiye aiki ya mai da falonmu makarantar koya wa yara ches. Kujerun zama sun koma jikin bango, tebur shida sun mamaye tsakiya, labulen ma mai gida-gida baƙi da fari ya sa aka ɗinko. Mama ta daɗe da sallamawa. Akwai lokacin da hasumiya ɗaya ta ɓace a cikin 'ya'yan wasan, kwalbar turarenta ta yi wata uku tana riƙe da muƙamin, kuma kullum za ta fita unguwa sai ta jira a gama wasa kafin ta fesa.

Baba yana da wata magana da ya ɗauka kamar shi ya gano ta. Wai mutum yana iya ɓoye halinsa shekara goma, amma ba ya iya ɓoye shi a takun farko guda biyar na wasa. Da wannan maganar ya kora min mutum biyu. Na farko ma'aikacin banki ne mai ƙamshi, ya fito da sarauniyarsa tun a taku na biyu, Baba ya ce wannan mai gaggawa ne kuma bai san tattalin abu mai daraja ba. Na biyu likitan haƙori ne, bawan Allah. Ya zauna, ya leƙa gefen allo, ya leƙa ƙarƙashin tebur, sannan ya tambaya ina ɗan abin da ake jefawa ya nuna lamba. Baba ya miƙe. Ya raka shi har bakin ƙofa da wani irin ladabi da ya fi zagi ciwo.

Shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a kantin magani, ranar Asabar kuma ni ce alƙaliyar gasar yaran Baba. Gwaggo, yayar Baba, tana kirana sau biyu a sati ta tambaye ni ko har yanzu katakon ches nake gadi. Ba wanda ya ce dole in yi aure, amma ba wanda ya bar ni na manta ban yi ba.

To sai Allah ya kawo Mai Agogo.

A wasan gasa akwai agogo mai fuska biyu da maɓalli biyu a sama. Kowa da nasa lokacin. In ka taka sai ka danna, lokacin abokin karawarka ya fara tafiya. A kowace fuska akwai wata 'yar jar tuta, in lokacinka ya ƙare ta faɗi, kuma in ta faɗi ka sha kashi ko da kai ke cin wasan. Duniya ta koma agogon batir, Baba ya ce shi da wanda ake wanawa da hannu har abada. Guda takwas suka lalace, na zuba su a jaka na kai wani ɗan shago da ke bayan tashar mota. Can na same shi, da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya, rigarsa mai aljihu biyu cike da ƙananan sukurdireba. Ya ɗauki agogo ɗaya ya kara a kunne, ya lumshe ido ya ce, "Wannan ba lalacewa ya yi ba, gajiya ce."

Na koma shagon sau biyar a kan agogo takwas. A wayata sunansa Gyaran Agogo, don ko Mama ta ga kira ba za ta ɗaga gira ba. Ta ɗaga duk da haka. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin agogon da ake gyarawa ana dariya a waya ba.

Ranar da ya kawo agogunan gida, Baba ya dube shi ta saman gilashi ya ce, "Samari, kana bugawa?"

"Ina ɗan taɓawa, Baba."

Ina bayan labule da tiren shayi, saura kaɗan in sake shi. Mutumin nan bai san doki daga jaki ba a kan allo. Da yamma na tura masa saƙo.

"Me ya kai ka?"

"Wallahi Alƙaliya ban sani ba. Ya kalle ni ta saman gilashi, bakina ya tafi shi kaɗai."

Abin da ya ƙara dagula lissafi, Baba ya ji daɗin amsar. Ya ce wa Mama gwanaye na gaske ne kawai ke cewa suna ɗan taɓawa, ragwaye su ke cika baki. Da Mama ta gaya masa abin da ke tsakaninmu, ya ce madalla, Mai Agogo ya zo ranar Lahadi bayan an gama gasa su buga ɗaya. In ya ga takunsa ya gamsu, ya turo magabatansa.

Yanzu ga inda laifina ya fara, kuma ba zan ɓoye muku ba. Tun ina shekara shida nake kallon Baba yana wasa da baƙi. Kullum shi yake ba baƙo farare. In baƙo ya buɗe da tsohon salon nan mai natsuwa da ake kira na Italiya, Baba yana da amsa guda goma da bai taɓa canzawa ba, ko da taku ɗaya. In aka kai taku na goma baƙo bai yi ɓarna ba, sai Baba ya miƙa hannu ya ce a tashi canjaras, don a ganinsa rashin kunya ne ka ci baƙonka a falonka. Ke nan ba sai Mai Agogo ya iya ches ba. Taku goma kawai yake buƙata.

Na rubuta masa su a bayan takardar rubuta wasa, da hannuna, da jan biro. Sati uku muna bita a waya.

"Na uku?"

"Mai hula ya fito." Haka muke kiran wanda ke tafiya a karkace a gidanmu.

"Na shida?"

"Sarki ya shiga lungu, hasumiya ta tsallako shi. Alƙaliya, wai me ya sa yake shiga lungun?"

"Ba ruwanka. Shiga kawai."

Ya tambaye ni dalili ya fi sau ashirin, ni kuma na ce babu lokaci. Ya haddace su yadda yake haddace haɗin cikin agogo, wannan bayan wannan, kuma ko daga barci aka tashe shi zai jero su.

Asabar ta zo, ranar ƙarshe ta gasar 'yan ƙasa da shekara sha biyu. A babban ɗakin taron wata makarantar firamare aka yi, mai fanka huɗu, biyu na juyawa biyu na kallo. Yara arba'in, iyaye a jikin taga, kwandon roba a bakin ƙofa inda kowa ke ajiye wayarsa kafin ya shiga. Na sa doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, na rataya katin alƙalanci. Mai Agogo ya zo don ya kula da agogunansa, cikin rigar nan mai aljihu biyu, an goge ta har tana tsayuwa da kanta.

Sai in gabatar muku da Auta, ƙanwata. Shekararta goma, siririya, ba ta da yawan magana, in tana tunani takan tauna bakin hijabinta har ya jiƙe. Shekara biyu a jere tana zuwa ta biyu. Bana ta ci wasa biyar cikin biyar. Saura ɗaya, in ta ci ko ta yi canjaras kofi nata ne. In ta faɗi zai tafi wurin wani yaro mai ƙaton gilashi da ke biye da ita. Tun sati biyu da suka wuce ta share wuri a kan durowarmu, ta ture min mayukana gefe, ta ce nan zai zauna.

Ana shirin zagayen ƙarshe sai labari ya zo cewa yaron da za ta kara da shi ya ci biskit ya wuce misali, uwarsa ta tafi da shi gida yana riƙe da ciki. A doka, Auta ta ci ke nan ba tare da ta taɓa allo ba. Har na ɗaga biro zan rubuta.

"Dakata, Uwata," in ji Baba. Haka yake kirana. "'Yata ba za ta ci kofi a kan kujerar da babu kowa ba. Me za a ce? Shugaban gasa ya ba 'yarsa?"

"Baba, doka ce."

"Ni na rubuta dokar." Ya waiga ɗakin, idonsa ya sauka kan Mai Agogo da ke can yana wana agogo na bakwai. "Samari, zo ka zauna nan."

"Baba," na ce a hankali, "gasar 'yan ƙasa da sha biyu ce. Yana da gemu."

"Kujera zai cike, ba kofi zai ɗauka ba. In ta iya ta ci shi. Ni kuma in ga takunsa tun yau."

Mai Agogo ya zo ya zauna a kujerar 'yan aji uku, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Na sunkuya kamar ina gyara agogon, ya raɗa min, "Na gobe zan yi?"

"Ita ba Baba ba ce, ba za ta bi..."

Baba ya kaɗa ƙararrawa. Daga nan alƙali ba ya magana da ɗan wasa, wayoyinmu kuma suna kwance tare a cikin kwando. Minti sha biyar kowa. Farare a hannun Mai Agogo.

Ya tura sojan gaban sarki gida biyu, ya danna agogo. Daidai. Da Baba ne, zai amsa da nasa sojan gaban sarki. Auta kuwa ta turo na gaban sarauniya, kai tsaye ta nufi sojansa za ta ci. Duk wanda ya yi sati ɗaya da fara wasa zai tsaya ya duba. Mai Agogo bai ko kalli abin da ta yi ba. Ya fito da doki, taku na biyu, ya danna, ya karkata kunne yana sauraren tafiyar agogon.

Baba yana tsaye a bayan Auta tare da shugaban makarantar. Na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Uhm. Tsohon salo ne. Da gangan ya ba da sojan."

Auta ta cinye sojan. Yanzu sojanta yana kan dokinsa, in bai gudu ba ya tafi. Mai Agogo ya fito da mai hula, taku na uku, ya bar doki a bakin kura.

Nan Auta ta sa bakin hijabi a baki. Na duba allon, na ga abin da take gani. In ta ci dokin, sarauniyarsa za ta rama, sannan sarauniya da mai hula su haɗu a kan sojan da ke kusa da sarkinta. Tsautsayi ne zalla, amma ya yi kama da tarko sak. Minti huɗu tana lissafi. Ta ga za ta iya tsira, ta ci dokin.

Kowa na jira ya rama. Mai Agogo ya kai hannu can ɗaya gefen allon, inda babu abin da ke faruwa, ya tura wani ɗan soja gida ɗaya. Taku na huɗu.

Baba ya cire gilashinsa.

Shugaban makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kuskure ba ne kuwa?"

"Kuskure?" in ji Baba. "Ka ga ya yi tunani? Mai kuskure yana tunani kafin ya yi. Wannan ya riga ya gani tun daga gida."

Yaran da suka gama nasu wasan suka fara taruwa. Yaro mai ƙaton gilashi ya hau benci. Wata uwa daga taga ta tambaya ko wannan ne gwanin da aka ce an gayyato, kafin a jima maganar ta zagaya har an ce ya taɓa bugawa a ƙasar waje da idonsa a ɗaure. Ni dai ina tsaye da takarda a hannu.

Auta ta ci minti biyar. Sannan ta sake cin wani soja da wannan sojan nata mai sa'a. Yanzu saura masa gida ɗaya ya kai ƙarshen allo. Taku ɗaya, ya cinye hasumiya, ya zama sarauniya, ya kama sarki da hari. Wasan ya ƙare ke nan, ko ɗan shekara biyar ya gani.

Mai Agogo ya tura wani sojan gida ɗaya, taku na biyar, ya danna agogo. Sannan ya ɗago ya yi mata murmushi. Shi mutum ne mai son yara, murmushin ƙarfafa gwiwa ya yi mata. Murmushin nan shi ya gama da ita.

Tun tana shekara huɗu Baba yake gaya mata cewa in babba ya miƙo miki abu kyauta a kan allo, ki nemi ƙugiyar da ke ciki. Ga doki an ba ta, ga soja biyu, ga hasumiya ana miƙo mata da murmushi, ga Baba a bayanta yana numfashi kamar mai kallon abin al'ajabi. Ta kai hannu, ta janye. Ta sake kaiwa, ta janye. Tana neman ƙugiya a inda ko zare babu.

A lokacin ne na tuna taku na shida. Sarki ya shiga lungu. A yadda allon yake, doka ta hana, don sojan Auta yana tsare da gidan da sarkin zai ratsa. Kuma in ta ci hasumiyar ma babu abin da zai tsallako. Ko me ta taka, Mai Agogo zai ɗauki sarkinsa ya yi abin da yaron ajin farko ba zai yi ba, a gaban yara arba'in da Baba, kuma ni alƙaliya ni zan tsayar da shi da bakina. In ta taka, na rasa shi. In ba ta taka ba, ta rasa kofi.

Na kalli agogon. Dogon hannun ya fara ɗaga 'yar jar tutar. Saura minti biyu.

Ga abin da na zo in faɗa muku, kuma tun ranar ban faɗa wa kowa ba. Na yi addu'a tutar ta faɗi. Ba wai tunani ne ya gifta min ba. Addu'a na yi sosai, da zuciya ɗaya, irin wadda ban yi ba ko ranar jarrabawata ta ƙarshe. Ƙanwata da nake yi wa kitso, wadda ta ture min mayuka don ta sami wurin kofi, na tsaya a kanta ina roƙon Allah kada hannunta ya sauka.

Hannunta yana sama, yatsunta sun kusa taɓa sojan, tutar ta faɗi. Ƙaramin sauti ne, amma kowa ya ji.

"Lokaci ya ƙare," na ce. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Baba ya zagayo ya kama hannun Mai Agogo da hannu biyu, ya ɗago shi daga 'yar kujerar da ƙyar, don ta maƙale masa.

"Shekara talatin ina wasan nan," in ji Baba, "ban taɓa ganin wanda ya ba da doki da soja biyu da hasumiya ko gumi bai yi ba. Ka ce wa magabatanka ina jiransu. Wasan gobe ma na yafe, ba zan ji kunya a falona ba."

Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na samu. A gaban mutane ya faɗa.

Auta ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi min sauƙi. A gasa in an gama wasa 'yan wasan kan zauna su duba shi tare, wanda ya ci ya nuna wa wanda aka ci inda ya kauce. Ta cire hijabin daga baki, ta gyara zama ta ce, "Yaya Mai Agogo, don Allah nuna min. Da na ci hasumiyar, me za ka yi?"

Yara suka matso. Baba ma ya mai da gilashinsa ya sunkuyo. Mai Agogo ya kalle ni. Na girgiza masa kai kaɗan, yadda shi kaɗai zai gani. So nake ya ce sirri ne, ya ce sai an girma, ya ce komai ma. Ya kalli Auta, ita kuma ta zuba masa ido tana jira da gaske.

"Ban sani ba, ƙanwata," ya ce. "Sarki zan kai lungu. Shi ne na shida."

"Ai ba ya yiwuwa," in ji yaro mai gilashi daga kan benci.

"To ka ji. Ni ban ma san ba ya yiwuwa ba."

"Na shida a me?" in ji Baba.

Mai Agogo ya sa hannu a aljihu, ya ture sukurdireba, ya zaro takardar. Ta sha ninki har ta yi laushi. Baba ya buɗe. Jan biro, rubutuna, wanda shi ya koya min riƙe alƙalaminsa. Ya karanta daga ɗaya zuwa goma, leɓensa na motsi, na san amsoshinsa yake jerawa a tsakani. A ƙasa na rubuta: nan zai miƙo hannu, ka karɓa, ka ce na gode Baba.

Sai ya ɗago.

"Wannan ai ni ne," ya ce. Ya juyo gare ni. "Uwata, iyakata ke nan? Taku goma, a bayan takarda?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Mama, da ta shigo da katan ɗin lemon yara tun ɗazu tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Ka gode ma ta ba ka goma. Ni a shida na haddace ka."

Wani uba a taga ya fashe da dariya, ya mai da ita tari.

Shugaban makaranta ya yi gyaran murya ya ce, "To ranka ya daɗe, kofin fa?"

"Tuta ta faɗi," in ji Baba.

"Baba, don girman Allah," in ji Mai Agogo, "ni ban ci komai ba. Ita ta ci. A ba ta abinta."

"Kai ka gyara agogon nan?"

"Ni ne."

"Yana da matsala? Yana sauri? In ka ce yana sauri ko da daƙiƙa ɗaya, yanzu in soke wasan."

Na ga mafita ta samu, na kafe Mai Agogo da ido. Kalma ɗaya ce. Mutumin da ya iya cewa yana ɗan taɓawa, wannan ai ba za ta gagare shi ba. Ya ɗauki agogon ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare, fuskarsa kamar za a cire masa haƙori.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba," ya ce.

Aka ba yaro mai gilashi kofi. Auta ta karɓi lambar ta biyu karo na uku, ta yi godiya yadda aka koya mata.

Da aka watse Baba ya kira mu gefe, ni da shi. Na riga na shirya jin an kore shi da ladabi. Baba ya ninke takardar ya sa a aljihunsa.

"Na yi magana a gaban yara arba'in," ya ce, "ba zan koya musu janye magana ba. Kuma mutumin da aka ba nasara a hannu ya ajiye ta don yarinya ta yi masa tambaya, ban ga dalilin da zai sa in hana shi 'yata ba. Su zo. Amma duk Lahadi za ka zauna a ajin 'yan shekara shida, a kan irin kujerar nan, har ka san dalilin da ya sa sarki ke shiga lungu." Ni ko kallona bai yi ba. Ya wuce ya fara naɗe alluna.

Na ɗauko wayata daga kwando. Kiran Gwaggo huɗu, da saƙonta: "Na ji an ce gwani ne na duniya. Alhamdulillahi." Ƙasa da shi saƙon Gyaran Agogo, daga can ƙarshen ɗakin inda yake zuba agoguna a jaka: "Ki yafe min, ban iya kallon idonta in yi ƙarya ba."

Ni da Auta aka bar wa tattara 'ya'yan wasan. Rana ta yi sanyi, fanka biyun nan na ta juyawa. Tana zuba farare a jaka ɗaya baƙaƙe a ɗaya, lambarta a wuya ta juya baya. Na ce zan saya mata duk abin da take so a hanya, ta ce ba ta jin yunwa. Na ce baɗi nata ne, ta ce to.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, kin san babu tarko, ko?"

"Alƙali ba ya magana, Auta."

"Na sani. Ban ce ki yi magana ba." Ta ɗaure bakin jakar, ta sake kwancewa. "Da saura minti ɗaya na ɗago na kalle ki. Na riga na yanke zan ci hasumiyar. Sai na ga kin rufe ido, bakinki yana motsi, kina addu'a sosai. Na ce tunda Yaya ta tsorata haka, lallai akwai abin da ban gani ba. Shi ya sa na ƙara dubawa."

Sojan da ke hannuna ya faɗi ya gangara ƙarƙashin benci. Ta durƙusa ta ɗauko, ta goge shi da hijabinta, ta miƙo min.

"Ni kike yi wa addu'ar, ko?" ta ce.